Sulken Sarkin Ingila da Gahawar Ammi Bakur

Ko tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa ba da yammacin Juma'ar da na shiga sulken ƙarfe a Madina, da ƙafata, ba wanda ya aike ni. Har yau in na ji murfin tukunya ya faɗi a kicin sai gabana ya yanke.

Ni mai harhaɗa magunguna ne a wani asibiti a nan, kuma tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya. Mahaifiyata ta ce ko a goye ƙafata rawa take yi. To ka ɗauki irin wannan mutum ka kulle shi tsakanin kantar magani da wani ɗan falo a unguwar Ƙurban, ka ga abin da matarsa za ta sha. Abin da ya cece ta, ya cece ni, shi ne ƙungiyarmu ta tarihi. Dakta Sani, likitan ƙashi, shi ya kafa ta. Ya yi karatu a Ingila, a garin da aka tono ƙasusuwan wani sarkinsu a ƙarƙashin wurin ajiye motoci, tun daga nan cutar ta kama shi, mu kuma ya shafa mana. Likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a, duk 'yan Najeriya, mu taru bayan la'asar muna ta musu kan yaƙin gidan sarauta ɗaya da ya rabu biyu, masu farin fure da masu jan fure. Da Turanci muke yi, har da karya harshe. (Kada ka tambaye ni me ya haɗa Bakano da furen Ingila. Matata ma ta gaji da tambaya.)

Wurin taron ba namu ba ne. Istiraha ce a wajen Ranuna, wato gidan hutawa mai 'yan bishiyoyin dabino, da falon maza, da ɓangaren mata a bayan katanga. Mai ita Ammi Bakur ne, dattijo haifaffen Madina, wanda mahaifinsa ya zo hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Ya ba mu aron wurin ne kawai don ya ji an ce mu Hausawa ne. Wani lokaci yakan leƙo, ya tsaya jim a bakin ƙofa, ya juya. Rannan sai ga saƙo ta bakin ɗansa: mu nemi wani wuri, shi bai ga abin da muke yi ba. Hankalina ya tashi fiye da na kowa. Sauran suna da ƙwallo, suna da gidajen abokai. Ni in babu taron nan, sai dai in koma zagaye falo ina gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ni na kawo shawarar a gayyaci Ammi Bakur taro na ƙarshe, a nuna masa ilimi muke yi ba wasa ba. Ni kuma na ce tarihi ba a faɗarsa da baki kawai, sai an gani. Na yi odar cikakken sulke ta waya, da kwalkwali, da safar hannu ta ƙarfe, da komai. Da aka nemi awon ƙuguna na bayar da na shekarar da na sauka Saudiyya, kafin shinkafar bukari ta san da ni. Jawabin kuwa na rubuta shi da Larabcin littafi, na yayyafa Turanci nan da can. Ko a mafarki ban yi tunanin yin sa da Hausa ba. Hausa ai ta gaisuwa ce da cefane, in ji hankalina na lokacin.

Ranar ta zo. A ɗakin ajiya Dakta Sani ya shiga saka min kayan, sai maɗaurin fata ya ƙi kaiwa. Ya ja, na riƙe numfashi, ya ƙara ja, ina! Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan cikin naka ba ya cikin tarihin." Can ya lalubo irin ɗaurin robar nan da masu gyaran wuta ke tamke waya da shi, wanda in ya shiga ba ya komawa baya. Ya tamke ni da shi ta baya, ta gefe, ta gwiwa, har safar hannun dama da take ta zamewa. Ya maƙala min ɗan makirfo a wuya don mata su ji ta lasifikarsu, tunda matanmu duk sun zo. Na tambaye shi yadda za a cire. Ya ce in an gama a yi wannan maganar.

Na shiga falo ina ƙara kamar amalanken mai gwangwan. Ammi Bakur na zaune kan kilishi da farar jallabiya, ya ɗaga kai ya kalle ni tun daga ƙasa har sama.

"Esh hada, ya Duktur? Lafiya kake?"

Na ce lafiya lau, Ammi, haka sarakunan Ingila ke fita yaƙi.

"Tayyib. Allah ya sawwaƙe musu."

Kafin in buɗe baki gumi ya fara bin bayana. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, amma ni ina cikin tanda tawa ta kaina. Tun a ɗakin ajiya na riga na shanye gorar ruwa babba da kwalin laban, wato kindirmon nan ƙasar, saboda ƙishi. Sai dattijon nan, don ya girmama ni, ya karɓi butar gahawa daga hannun ɗansa, ya ce shi da kansa zai zuba wa mai jawabi.

Wanda bai zauna a nan ba bari in gaya masa. Gahawa ɗan kaɗan ake zubawa a finjali, ka karɓa da dama, ka shanye, ka miƙa, a ƙara. Ba za a daina ba sai ka ɗan girgiza finjalin da wuyan hannu. Wannan girgizar ita ce "na ƙoshi". Ni kuwa wuyan hannuna na dama yana cikin ƙarfe, an kuma tamke shi da roba. Yatsu na motsi, wuyan hannu ko gezau. Na miƙa finjali ina ƙoƙarin girgizawa, hannu ya tafi miƙe kamar na mai roƙo. Ya ƙara. Na sha. Na miƙa. Ya ƙara. Za ka ce me ya hana ni faɗa da baki. To, an taɓa gaya min faɗa da baki ƙauyanci ne, ga shi mai gida ne da kansa, mutumin da muke lallashi. Ya ma fara murmushi yana cewa, "Masha Allah, Duktur yana son gahawata." Buta ta ƙare, ya sa aka kawo wata, aka biyo da shayi.

Ina tsakiyar labarin sarkin da aka tono ƙasusuwansa, mai lanƙwasasshen baya, wanda ake zargi da hallaka 'ya'yan yayansa biyu a hasumiya, sai mara ta fara aiko min da saƙo. Da fari na share. Na canza ƙafa, ƙarfe ya ce ƙwaras. Na sake canzawa, ƙwaras. Na fara kai da komo a gaban falo kamar dabarar jawabi ce. Larabcina ya fara tarwatsewa, na aurar da sarauniya ga wanda ya kashe mijinta alhali ba ita ya aura ba, na kashe wani basarake sau biyu a yaƙi daban-daban. Dakta Sani yana ta zaro min ido. Ni kuwa ba abin da nake gani sai ƙofar banɗaki can ƙarshen baranda, a buɗe, tana kallona.

Maimakon in taƙaita, sai baki ya ja ni. Na ce mutane na zaton mai irin wannan sulke ba ya iya motsi, alhali yana gudu, yana hawa doki, yana durƙusawa gaban sarki ya miƙe ba mai taimakonsa. Daidai nan aka fara kiran sallar magariba daga wajen masallacin Ƙuba. Ammi Bakur ya jira har aka gama, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ka ce ana durƙuso da shi? Yalla, warrini, nuna min. In gani in mutum zai iya salla a ciki."

Na durƙusa. Gwiwar hagu ta tafi, ta dama ta cije a rabin hanya, nauyi ya rinjaye ni ta baya. Na zube rigingine kan tiren dabino, finjalai suka watse, murfin kwalkwali ya rufo min fuska garam. Duhu. Na yunƙura, hannu da ƙafa suna lilo a sama kamar kunkurun da aka kifar. Faɗuwar nan kuma ta girgiza duk abin da na sha tun la'asar. A nan Larabci ya gudu, Turanci ya bi shi, wata murya da ban san ina da ita ba ta fito daga cikin kwalkwali:

"Wayyo Allah na! Jama'a ku kwance ni, marata za ta fashe! Fitsari nake ji, don girman Allah ku kwance ni!"

Daga bayan katanga kuwa, inda lasifika ta kai saƙon tsaf, sai shewa ta tashi. A cikin muryoyin na tsinkayi ta matata, ita ce ta fi ƙarfi.

Masu digiri suka rufu a kaina. Wannan ya ja, wancan ya murɗa, robar nan sai ƙara shigewa take. Likitan ƙashi ya sa haƙori. Ana ta tambayar almakashi, babu. Ni ina kwance ina karanto duk addu'ar da na sani. Sai ga Ammi Bakur da wuƙar sassaben dabino, ya tsuguna, yana yanka yana dariya har hannunsa na rawa. "Sabur, ya waladi, sabur, kar in yanka da nama." Yana sakin na ƙugu na tashi a guje, kwalkwali a kai, ƙarfen ƙafa ɗaya yana jan ƙasa. Na isa. Da ƙyar, amma na isa. Na fito cikin jallabiyar aro, don tawa ta jiƙe da gumi. (Gumi na ce.) Na tarar sun yi sahu suna jirana, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da ni.

Bayan salla na raɓe a kusurwa, na san na kashe ƙungiya da hannuna. Kunya kamar in nutse, ga baƙin cikin komawa zagaye falo. Ammi Bakur ya yafito ni. Idonsa ya yi ja, na ɗauka dariyar ce.

"Wallahi tun rasuwar Abuya, mahaifina, ban ji an yi ihu da Hausa haka ba," in ji shi. "Wayyo Allah na. Haka yake yi, haka, da wannan muryar." Ya share ido da gefen gyalensa. "Kuna da wannan a bakinku, kuke zuwa gidana kuna min Ingilizi? Ni na ba ku wuri don in ji maganar gida. Nakan tsaya a ƙofa, ban ji komai ba, in tafi."

Dakta Sani ya sunkuyar da kai.

"Halas, ku zauna. Amma da Hausa, kuma jikokina su zo su ji. Kai kuma Duktur, wancan mai lanƙwasasshen baya, ya kashe yaran ko bai kashe ba? Ba ka ƙarasa ba."

Muna nan har yau, masu farin fure da masu jan fure suna ta kashe juna da Hausar Kano. Kwalkwalin yana kan kanta a falon, ana zuba ƙwallon dabino a ciki. Na koyi cewa kafin ka shiga kayan sarauta ka fara tambayar ta inda ake fita, kuma ka girgiza finjali tun hannun yana naka. Jikokin Ammi kuwa, in ka yi musu Hausa har yanzu da Larabci suke amsawa, sai jimla ɗaya da suka haddace ba ko tuntuɓe. Ina shigowa ƙofa suke haɗa baki su gaishe ni da ita: "Jama'a ku kwance ni!"