Rasuwar Jan Akwatin Mai Ganga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta da niyyar hucewa nan kusa, Mai Ganga na ƙungiyarmu ta makaɗa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Jan Akwati. Marigayin ya cika ne jiya, a ranar farko ta rangadin wasanni da ƙungiyar ta fita yi a ƙasar waje, a wani wuri tsakanin sikelin filin jirgin gida da bel ɗin kaya na filin da aka sauka. Ba a san a sararin wace ƙasa rai ya yi halinsa ba, amma an san wanda ya jawo.

Marigayin ba na Mai Ganga ba ne, aro ne. Na maiɗakinsa ne, ita ma gadonsa ta yi daga mahaifiyarta. Ya shekara da shekaru a saman kwaba, lulluɓe da tsohon zani, ba a sauko da shi sai tafiya ta kai tafiya. Yana da tayoyi biyu, ɗaya tana kukan ƙii-ƙii tun yana saurayi, har yaran gidan kan gane dawowar matafiyi tun daga bakin layi. Bai taɓa ɓata a tasha ba. Bai taɓa buɗe baki a gaban jama'a ya tona abin da ke cikinsa ba. Da safen tafiya maiɗakin ta goge shi da kanta, ta kai shi har bakin mota, ta ce wa mijinta, "Kai ko ka dawo da mura ko da tari, wannan ruwanka. Shi dai ka dawo min da shi yadda ka ɗauke shi."

Ciwon ajali ya same shi ne a layin awon kaya. Ƙungiyar tana da tsarinta tun da daɗewa: duk wanda jakarsa ta wuce nauyin da aka ƙayyade, sai a rage a zuba wa wanda tasa ba ta kai ba. Mai Ganga mutum ne mai ƙarancin kaya, riguna kaɗan da sandunan kiɗa da man zafi, saboda haka marigayin ya hau sikeli cikin mutunci ya sauka. Bayansa sai ga Tauraro, mawaƙin ƙungiyar, wanda shi ne autan su maiɗakin Mai Ganga, uwa ɗaya uba ɗaya. Jakarsa na hawa, ma'aikaciyar ta dubi lambar, ta dube shi, ta girgiza kai.

Tauraro yana da wata dabara da ya daɗe yana alfahari da ita. Ba ya haɗa takalmansa na wasa wuri ɗaya. Na ƙafar hagu buhunsu daban, na dama buhunsu daban, kowanne a jaka dabam, wai ko ɓarawo ya ɗauke ɗaya ba zai ci riba ba. Buhun ƙafar dama ne ya ciro jiya, ya nufi Jan Akwati da shi.

"Mijin Yaya, ɗan buɗe min nan, ai naka wayam yake."

"Auta, wannan tsoho ne. Ba zai ɗauka ba."

"Haba, akwatin Inna ne fa. Ni na san shi tun kafin ka san ƙofar gidanmu."

Shaidu sun tabbatar cewa bayan buhun ya ƙara da dutsen guga, da kwalaben turare, da wani madubi mai ƙafa. Da murfin ya ƙi haɗuwa, sai ya hau kai ya zauna. Da hakan bai isa ba, ya kira Mai Jita, wanda ba ƙaramin mutum ba ne, ya ce ya ɗan taya shi zama. An ja zif. Marigayin ya yi wata ƙara, ƙrrr, sannan ƙat. Manaja, da ke riƙe da fasfo ɗin kowa yana kallon agogo, ya ce, "To ai ya rufu, mu je." Ƙarar nan ta ƙat ita ce maganar marigayin ta ƙarshe da kunnen ɗan ƙungiya ya ji.

Mai Ganga bai ci abincin jirgi ba. Duk lokacin da jirgin ya yi gargada, sai ya dubi ƙasan kujerarsa, wajen da marigayin yake can cikin kaya. Tauraro kuwa ya ci nasa, ya nemi na surukinsa ya ƙara, ya sa abin rufe ido ya yi barci da munshari.

A filin da aka sauka, jakunkuna suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ɗauki tasa. Bel ya kusa zama fanko, sannan labulen roba ya ɗaga, marigayin ya fito a kwance cikin wani faranti mai faɗi, an naɗe shi da salatif tun daga kai har gindi. Cikinsa ya tsage ta gefe. Hannunsa ya karye. Tayar nan mai kuka babu ita, sai rami. Ya zagaya sau ɗaya a gaban baƙin mutane kafin Mai Ganga ya iya ɗaga ƙafa, kuma a karon farko marigayin ya wuce shiru, babu ƙii-ƙii. Wata tsohuwa da ba ta jin yarenmu ta dafa kafaɗar Mai Ganga. Tauraro, wanda yake jin yarenmu sarai, ya leƙo ya ce, "Kai, amma waɗannan mutane ba su iya riƙon kaya ba. Takalmana dai suna ciki ko?" Daga nan ya ƙara da cewa ai akwati ne kawai.

Iyalan marigayin sun rubuta wannan kalma, sun ajiye.

Marigayin ya rasu ya bar uwar ɗakinsa, wadda har yanzu ba ta sani ba. Ta kira tun ana cikin motar zuwa otal. Ba ta tambayi yadda aka sauka ba, cewa ta yi, "Ina akwatina?" Mai Ganga ya amsa da cewa yana kwance yana hutawa, kuma bai yi ƙarya ba. Ya kuma bar tsohon zanin da ake lulluɓa masa, da gurbinsa a saman kwaba, da ɗan makullinsa da ke aljihun Mai Ganga ba shi da sauran aiki. Ya bar marayu buhu guda, duk 'yan ƙafar hagu, suna jere yanzu a kan gadon Tauraro.

Game da waɗannan marayu, ya kamata jama'a su san cewa ba a sayen irinsu a kanti. Wani baduku ne yake ɗinka su a gida, yana ɓoye tudu mai kauri a cikin dunduniya. Tsawon da masu kallo suka saba gani a kan dandamali, da wanda ke jikin hotunan da aka manna a ƙofar zauren wasa, rabinsa aikin badukun ne. Ba don cin fuska aka faɗi wannan ba, sai don tarihin marigayin ya cika, tunda shi ya ɗauki sirrin har ya mutu a ƙarƙashinsa.

Gawar tana ɗakin Mai Ganga, a ƙarshen baranda, naɗe yadda ta iso. Da safen nan Tauraro ya ƙwanƙwasa ƙofa da almakashi a hannu.

"Mijin Yaya, don Allah, ko na zinaren nan kaɗai. Gobe fa wasan farko."

"Ba a taɓa gawa sai da izinin mai ita."

"To kai ma ai rigunanka na ciki!"

"Ni a baya nake zama, Auta. Fitila ba ta kaiwa can."

Manaja ya sa baki, Mai Jita ya zo ya nemi gafara a kan nasa kason zaman, an kuma yafe masa. Matsayin iyalai bai canja ba.

Tsarin binnewa shi ne kamar haka. Za a kwance salatif, a fitar da abin da ke ciki, a kai marigayin makwancinsa a bayan otal, da zarar Tauraro ya ɗauki waya a gaban dukan 'yan ƙungiya, ya buɗe lasifika, ya kira yayarsa, ya gaya mata da bakinsa wanda ya zauna a kan akwatin Inna. Idan ya kira kafin a ɗaga labule gobe, zai hau dandamali da tsawonsa. Idan bai kira ba, gawar za ta bi ƙungiyar gari gari har ƙarshen rangadi, kuma otal ya ba kowane ɗaki silifas na wanka. Wayar tana kan tebur kusa da marigayin, cike da caji.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin daga yanzu. Ana roƙon masu zuwa su cire takalma a bakin ƙofa. Tauraro an ɗauke masa wannan wahalar.

Sanarwa daga Mai Ganga, a madadin iyalan marigayin.