Fuskata a Sarƙar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da fuskata ta halarci biki a wuyan amaryar wani ba. Na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Babana maƙerin fari ne, wato mai ƙera azurfa: awarwaro, zobba da 'yan kunne. Rumfarsa tana bayan kasuwar Zuru. Ni kuwa ba ƙira ce a raina ba, soja nake son zama, kamar kowane saurayi a garinmu, inda da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Lokacin da wayar salula ta fara shigowa garin ne na je wurin ɗibar sojoji, da hotunan fasfo goma sha biyu a aljihu. Wani sajan ya zagaya ƙirjina da tef, ya dubi tef, ya dube ni, ya ce, "Ɗan'uwa, je ka ci tuwo, ka dawo baɗi." Na dawo gida da hotuna goma, don biyu sun tafi da fom. A kowanne na kumbura ƙirji, na ɗaure fuska, na zare ido kamar wanda aka ce ga ɓarawo can. (Ku riƙe zancen hotunan nan, za mu dawo kansu.)

Haka na koma rumfar Baba ina jan zuga-zugi, hannu na aiki, hankali na yawo. Wata rana matar wani soja ta zo sayen 'yan kunne. Tana kwance bakin zanenta sai wani ɗan hoto ya faɗo ƙasa, duk ya kakkarye ya koɗe. Ta sunkuya da sauri ta ɗauke shi, ta hure masa ƙasa, ta ce maigidanta ne, yana ƙasar waje wajen aikin kiyaye zaman lafiya, wata na tara ke nan. Ta tafi, amma hoton nan bai bar kaina ba. Na riƙa ganin wani ɗan abu na azurfa, girman ƙwan kurciya, mai buɗewa gida biyu kamar kwanson gyaɗa, hoto a hagu, hoto a dama, ya rataya daidai inda zuciya ke bugawa. Na cika littafin lissafina na makaranta da zane. Gilashin da zai rufe hoton kuwa, a wurin mai gyaran agogo na samo shi, daga matattun agogunan hannu da masu su suka manta da su.

Da na nuna wa Baba zanen, sai ya juya littafin sama, ya juya shi ƙasa. Asalinsa mutumin Argungu ne, kuma harshensa bai taɓa barin can ba.

"Mine na wanga?"

"Sarƙa ce, Baba, mai ɗauke da hoto."

"Layar hoto ke nan. Mu mun gaji ƙira tun kakanni, ba mu taɓa rataya mutum ga wuyan mutum ba." Sannan ya turo mini guntayen azurfa a murfin gwangwani. "Gwada guda. In ta yi, ta yi. In ba ta yi ba, ka koma ga zuga-zugi, kada in ƙara jin zancen."

Dama guda ke nan, babu ta biyu.

Yanzu sai in faɗa muku zancen Rifkatu. Ajinmu ɗaya a sakandare, tana zama gaba kusa da taga, ni ina can baya ina kallon yadda rana ke sauka a kan kitsonta. Duk shekarun nan maganar da ta haɗa mu ba ta wuce ta aron biro ba. Ita 'yar mawaƙan coci ce, ni ɗan gidan maƙeri da ba ya fashin sahun farko. Kowa kuma ya san Ishaya, wani kofur ɗan wajen Danko, ya yi mata golmo, wato noman da saurayi da abokansa ke yi wa iyayen yarinya damina bayan damina kafin a ba shi ita. Na san duk wannan. Ban taɓa niyyar ce mata komai ba. Sonta nake yi kawai, shiru, yadda mutum ke son tsaunin da yake hange daga ƙofar gida.

To wa kuke tsammani ya fara zuwa neman layar hoto? Ishaya da kansa. Ya ji labari a bakin mai gyaran agogo. Ya tsaya a ƙofar rumfa ya tare haske (ƙirjinsa kam tef bai yi gardama da shi ba), ya miƙo mini hotuna biyu. Ɗaya na Rifkatu, tana murmushi da farin ɗankwali. Ɗaya nasa, cikin kaki.

"Aboki, ka yi hankali da nawa," in ji shi. "Guda ɗaya ne, a can bakin aiki aka ɗauke ni. Bayan biki da sati biyu zan koma. Ina so ya zauna da ita in ba na nan."

Ni da bakina na ba shi shawara. Na ce, "Kofur, in na kawo kada ka buɗe. Ka bari amarya ta fara buɗewa a gaban jama'a, ya fi armashi." Ya buga kafaɗata har sai da na tangaɗa, ya ce ina da kai.

Kwana tara na yi a kan sarƙar nan. Na narka, na buga, na goge da magagari, na zana 'yan ganyaye a bayan murfin. Ran Alhamis da la'asar sakaliya na yanke hoton Rifkatu, na zaunar da shi a hagu, ya zauna ɗas. Saura na ango. Tunda guda ne tak, in almakashi ya zame shi ke nan, sai na yi dabara irin ta masu hankali: na ɗauko ɗaya daga fasfo ɗina goma, na yanke shi don awo. In ya shiga daidai, sai in ɗora shi a kan na Ishaya in bi gefensa. Na zura hoton kofur a aljihun rigata ta Juma'a da ke rataye a ƙusa, don kada toka ta taɓa shi.

Awo ya shiga daidai. Na ɗora gilashi don in ga ko zai zauna. Ya zauna. Na ɗaga sarƙar sama wajen haske.

Jama'a, ga Rifkatu a hagu, ga ni a dama.

An yi ruwa da rana, duwatsun Zuru sun yi kore shar, iska na kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na masara da ake gasawa a bakin kasuwa. Sarƙar tana juyawa a hankali, haske na wasa a kan gilashin. Kafin ta yi juyi uku na gina mana gida a gindin dutse, na dasa mangwaro biyu, na sayi babur ja. Na ga tana shanya wanki tana rera waƙa, ni kuma ina dawowa daga rumfa da tsire a takarda. Har 'ya'ya na raɗa wa suna. A cikin sarƙar nan babu golmo, babu sajan mai tef, babu wanda zai tambaye mu ina za ku ran Juma'a ko ran Lahadi. In na rufe murfin, fuskokinmu su haɗu. In na buɗe, ta yi mini murmushi. Sai na ce bari in lanƙwasa bakin azurfar a kan gilashin, in ga yadda za ta kasance in an gama. Gani kawai. Gobe in cire.

Baba ya yi kiran a tashi a yi alwala. Na rufe, na goge ta har tana ɗaukar ido, na sa a cikin auduga. Washegari raina ya ba ni aiki ya ƙare: hagu akwai hoto, dama akwai hoto. Na naɗe ta a jar takarda, na hau kabu-kabu na kai wa Ishaya da hannuna.

Ran Asabar bayan an fito coci aka yi walima a filin wata firamare. Rumfuna, lasifika, shinkafa a manyan kuloli, ga mai bidiyo yana zagayawa da kyamara a kafaɗa. Abokan ango sojoji sun cika benci biyu. Baba ma yana gaba cikin dattawa, don mahaifin amarya tsohon abokin cinikinsa ne. Ni na sha rigata ta Juma'a, na zauna inda za a gan ni, ina jiran a kira sunana.

Mai gabatarwa ya ɗaga jar takarda ya ce, "Yanzu ango zai ba amarya kyautar da ba a taɓa gani ba a ƙasar Zuru! Aikin ɗan gida ne!" Aka tafa. Na sa hannu a aljihu in ciro hankici in share gumin alfahari. Sai yatsuna suka taɓa wata 'yar takarda mai santsi. Na zaro. Kofur Ishaya ne cikin kaki, cikakke, almakashi bai taɓa shi ba, yana kallona.

Ina gani ango ya rataya mata sarƙar, ina gani ta sa farce ta buɗe, mai bidiyo ya matso har kyamarar na neman taɓa haɓarta. Murmushinta ya tsaya a inda yake. Mai gabatarwa ya leƙa, kuma da yake bakinsa ya riga hankalinsa, sai ya faɗa a lasifika:

"Kai! Ango, yaushe ka rame haka?"

Kakar amarya ta jawo sarƙar kusa da idonta, ta ce da ƙarfi irin na mai nauyin kunne, "Wannan ba Ishaya ba ne. Wannan yaron maƙeri ne. Me ya sa yake fushi?"

Filin ya ɗauki dariya. Wani soja ya faɗo daga benci. Na miƙe, ban san wanda ya ba ƙafafuna umarni ba, na ratsa tsakiyar fili riƙe da hoton ango a sama kamar mai neman a ba shi hanya a asibiti. Na isa gabansu na ce, "Kofur, awo ne. Wallahi awo ne kawai."

Ishaya bai yi dariya ba. Ya juya sarƙar, ya shafa bakin gilashin da babban yatsa, ya ce a hankali, "Awo. To me ya sa ka rufe bakin?"

Na dubi ƙasa, na dubi Rifkatu, kuma a idonta na gane ta karanta duk abin da na ɓoye tun daga bencin baya. Wannan ya fi dariyar mutum ɗari uku ciwo. Sai ta dafa hannun mijinta ta ce, "Ishaya, bar shi. Tun muna aji haka yake. Jikinsa na nan, hankalinsa na kan dutse." Ta rufa mini asiri da magana ɗaya, ba ta ƙara ba.

Baba ne ya taso. Bai dube ni ba. Ya ciro 'yar wuƙarsa ta yankan goro, ya ɗaga bakin azurfar, ya zare ni. Ya karɓi almakashin da aka yanka zaren jar takardar da shi, ya ɗora hotona a kan na ango, ya bi gefe, ya zaunar da kofur a wurinsa, ya mayar da gilashi. Aka sake tafawa. Sannan ya miƙo mini 'yar fuskata a tafin hannu ya ce, "Ungo. Kai shi gida, ya gaji."

Ran Litinin na tafi rumfa na zauna a gindin zuga-zugi ba tare da an ce mini ba. Baba ya daɗe yana goge wani zobe, sannan ya ce, "Aiki ya yi. Awon ma ya yi daidai. Mai aikin ne ba ya gida." Ya turo mini murfin gwangwani cike da azurfa. Kafin azahar matan sojoji uku sun zo, don bidiyon biki ya riga ya fara zagaya gidaje. Kowacce in ta zo karɓar tata sai ta buɗe a gabana, ta duba hagu, ta duba dama, ta dube ni, ta ce, "To, alhamdu lillahi, ba ka ciki."

Bayan shekara huɗu Rifkatu ta zo rumfa da goyo a baya. Mahaɗin murfin ne ya saki. Na buɗe don in gyara, sai na ga ganyayen da na zana sun shafe, gilashin dama ya dushe daidai fuskar Ishaya, saboda yawan shafawa da yatsa. Ta ce yana can bakin aiki, karo na uku. Ta tsaya a kaina har na gama, ba ta yarda ta bar ta ta kwana a rumfa ba. Na miƙa mata, ta rataya, ta tura ta cikin riga, ta tafi. Na daɗe zaune ina kallon hanya. Abin da na ƙera ya yi aikinsa, kuma wanda ya dace ne a ciki.

Sauran hotunan fasfo tara suna nan a ƙasan akwati, matata ta san labarinsu, takan fito da su in tana son dariya. Ni kuwa tun daga ranar nan, da kwalin sukari nake yin awo. Na gwada shi a sarƙoƙi ba adadi, ban taɓa ɗaga shi a haske na ga ya gina gida a gindin dutse ba.