Yadda Za Ka Dawo da Makin Surukinka Kafin Ya Dawo Daga Aski

Kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Surukinka yana da wata tsohuwar 'yar na'urar gem ta hannu, irin wadda bulo ke faɗowa daga sama kana jerawa, layi ya cika ya ɓace. Shekara goma sha ɗaya makinsa na dubu casa'in da takwas yana kan allonta, kowane baƙo sai ya gani kafin a ba shi ruwa. Kai kuma, da neman suna, ka canza mata batir, maki ya koma sifiri. Baba ya tafi aski, saura minti arba'in. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci asirinka a rufe yake.

1. Kada ka yi ihu
Salati a zuci ya isa. Mayar da tsohon batir ba ya dawo da komai. Na gwada sau uku, har da hura masa iska.

2. Nemi maɓoya
Bayan doguwar kujera, kusa da fanka. Kashe sauti! Wannan tin-tin-tin ɗin, har kyanwar gidan ta haddace shi.

3. Bar wa doguwar sanda gurbinta
Fara gem ɗin, jera bulo, ka bar rami a gefe don dogon bulon nan mai kama da sanda. Masana sun tabbatar doguwar sanda tana zuwa wa mai haƙuri. Ba za ta zo ba. Karkatattun nan ne za su yi ta sauka, biyar a jere, kamar an aiko su. Allo zai cika a dubu huɗu.

4. Sa matarka gadi
Za ta leƙo, ta gani, ta dafe kai. "Wayyo, ka kashe mu! Yayana taɓa ta kawai ya yi, wata guda Baba bai amsa gaisuwarsa ba." Tura ta bakin taga, ka sake farawa. Dubu shida! Ka ga ana ci gaba.

5. Idan surukarka ta kama ka
Za ta kama ka. Durƙusa ka ce, "Mama, wallahi taimako na yi niyya." Za ta dubi allo, ta dubi agogo, ta goge hannu.

"Miƙo nan. Matsa, kana tare min haske."

Kalli yatsunta kawai. Bulo na zuba, layi huɗu-huɗu na tashi, ita kuwa tana tambayar 'yarta ko an sauke tukunya. Tana kai daidai makin za ta saki, allo ya cika.

"Mama... dama ke ce?"

"Karo na bakwai ke nan da nake dawo da makin. Shi bai taɓa wuce dubu tara ba. Tun farko ma, barcin rana ne ya ɗauke shi na'urar tana hannunsa, na ƙarasa masa. Ya farka ya gani, har rawa ya taka a falon nan, alhali shekarar da aka sallame shi daga aiki ce, ba ya ko dariya. To, ka kama bakinka."

6. Tarbi Baba
Zai shigo kai na sheƙi, ya ɗauki na'urar, ya kawo ta dab da hancinka. "Ka gani? Ku 'yan zamani ba ku da natsuwa." Sunkuyar da kai ka ce, "Gaskiya ne, Baba." Kada ka kuskura ka ɗago, Mama na tsaye a bayansa tana kallonka.

A kula: idan taka surukar ba ta iya gem ba, ko dariya ta kuɓuce maka a mataki na shida, ni ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Inda za ka kwana da wanda zai yi maka biko, duk kai ta shafa.