Rasuwar Na-Tasawa, Keken Malam Lawali

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, mu mutanen Tudun Ɗorawa, nan tsakanin Kura da Bunkure, muke sanar da 'yan'uwa na kusa da na nesa rasuwar Na-Tasawa, keken Malam Lawali, malamin Faransancin nan da ke zaune a gidan Inna Raliya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya bar mu ranar Laraba da azahar, tsakiyar kakar tumatir, yana da shekara talatin da ɗoriya. Gawa dai ba mu gani ba, ba kuma ma sa ran gani.

Marigayin baƙo ne a cikinmu, kamar mai shi. A Tasawa ta ƙasar Nijar ya tashi, a hannun mahaifin Malam, wanda ya yi shekaru yana raba wasiƙu a kansa ƙauye-ƙauye. Da tsohon ya rasu, yayyen Malam suka ɗauki gona, shi ya ɗauki keke. Shekara uku ke nan da suka tsallako iyaka tare, Malam a cikin mota, keken ɗaure a sama, suka zo koyarwa a wata makaranta da ke can ƙarshen babban kanal na ban-ruwa, tafiyar sa'a ɗaya da rabi ga mai ƙafa.

Mun shaidi Na-Tasawa da haƙuri. Baƙi ne, dogo, mai nauyi, ƙarfen da ne ba irin na yanzu ba. Bai taɓa kayar da mai shi a ruwa ba, duk da santsin gaɓar kanal a ranakun da aka saki ruwa. Ba shi da yawan magana. Fedarsa ta hagu ce kawai take cewa ƙyas, ƙyas, ƙyas, sai ƙararrawar da muryarta ta dishe tun a Tasawa, in an taɓa ta ta ce kirr, ta yi shiru. Matan unguwa da wannan ƙyas ɗin suke sanin bakwai ta yi, su sauke koko.

Dole mu faɗi yadda ciwon ya samo asali, don gaskiya ita ce hakkin mamaci. Ranar da Malam ya sauka, ya zo da sarƙa mai kauri da kwaɗo, ya ɗaure keken a jikin turken zaure. To, mu nan ba a kulle keke. Tun da aka haƙa kanal haka muka tashi: wanda injin ban-ruwansa ya mutu ana cikin ba da ruwa, ko wanda matarsa ta fara naƙuda, keken da ya fi kusa da hannunsa shi zai hau, ba sai ya nemi mai shi ba. Kafin la'asar zai mayar da shi inda ya ɗauka, da 'yar albasa ko tattasai ɗaure a kariyar bayan keken. Wanda ya sa wa kekensa kwaɗo kuwa, ya zagi unguwa ne ba tare da ya buɗe baki ba.

Inna Raliya ta zuba masa ido mako guda, sannan ta tare shi a zaure.

"Ɗan nan, wa ka mayar ɓarawo? Ni, ko maƙwabtana?"

"Subhanallahi, Inna! A wajenmu haka ake yi."

"To nan ba wajenku ba ne. Miƙo ta."

Ya miƙa mata sarƙar da hannu biyu, ta kai ɗaki ta rataye a ƙusa. Bayan kwana huɗu ya fito bai ga keken ba, ya zauna a dakali ya kasa ko karyawa. Can sai ga ƙyas, ƙyas daga nesa, an dawo da shi da kankana biyu a kariya. A ranar Malam ya kira matarsa Sumayya a Tasawa, muna ji yana dariya, yana ce mata ya samu gida, ta fara shiri, da an kwashe shinkafa zai zo ya ɗauke ta. Shiri ya yi ta jinkiri saboda rufe iyaka da sauransu, sai bana aka tsayar da rana. Har ɗaki Inna ta sa aka yi wa daɓe.

Shekara uku Na-Tasawa yana hidimar garin nan. Ya ɗauko ungozoma, ya ɗauko bakanike, ya kai gawar jariri maƙabarta sau ɗaya. Babu gidan da bai hau shi ba.

Ranar Larabar, Malam ya taso daga makaranta ya tsaya sallar azahar a masallacin bakin titi, inda manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa kudu. Ya jingine keken a gindin darbejiya. Wani mutum mai jar hula, cikin baƙin da ke zuwa lodi, ya zo ya kama kan keken a gaban mutum fiye da goma. Ya yi sallama, aka amsa. Yusuf mai faci, wanda ya san keken kamar tafin hannunsa, ya lura tayar baya ta yi sanyi, ya kira mutumin ya dawo, ya ba ta iska da hannunsa, ya ce, "In ka mayar, ka ce wa Malam tayar nan tana son dubawa." Mutumin ya ce to, ya yi godiya. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Wannan ce maganar marigayin ta ƙarshe.

Jinyar kwana uku aka yi. Da yammacin Laraba Malam ya so ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya ya duba, tun ba su tashi ba. Dattawa suka zaunar da shi, suka ce aro ne, kada ya tara wa gari jama'a a kan abin da zai dawo da kansa. Shi kuma yana tsoron a sake cewa ya mayar da mu ɓarayi, sai ya zauna. Ranar Alhamis ya wuni bai ci abin kirki ba, kunnensa na kan hanya. Ko ƙofa ce ta yi ƙara sai ya miƙe. Muna wucewa muna ce masa an kusa dawo da shi. Ranar Juma'a bayan an sauko, wani direba ya ce ai shi ya ga baƙin keke ɗaure a saman kwanduna tun la'asar ɗin Laraba, motar ta miƙi hanyar Zariya. Nan aka tabbatar rai ya yi halinsa. Yusuf ya rufe rumfarsa bai sake buɗewa ba sai Litinin.

Kafin kasuwar Bunkure ta sake ci, babu keken da ba shi da kwaɗo a Tudun Ɗorawa. Ba wanda ya yi shela, kowa dai ya sayo nasa ya ɗaure, yana kawar da kai. Mutumin da kekensa ya ɗauki gari shekara uku ya fito da safe, ya tarar da kekuna jere a ƙofar gidaje, kowanne da sarƙa. Da ya roƙa da an ba shi, wallahi da an ba shi. Amma baƙo ne, kuma bai saba roƙo ba, mu kuma kunya ta hana mu haɗa ido da shi. Ya bi gaɓar kanal da ƙafa. Kullum sai an gama darasin farko yake isa, har shugaban makarantar ya kira shi sau biyu. A na ukun, shi ya kai takardar ajiye aiki da kansa. Ya kira Sumayya ya ce ta kwance kayanta. Wannan karon ba mu ji dariya ba.

Marigayin ya bar famfo guda, da gwangwanin man kaca, da tabo a bangon zaure inda hannunsa ke jingina. Ya bar Malam Lawali, wanda ba shi da sauran abin da hannun mahaifinsa ya taɓa. Ya bar Inna Raliya, wadda ta sauko da sarƙar daga ƙusa, ta goge tsatsar da manja, ta kai masa har ɗaki.

"Ɗan nan, ka yafe mini. Ka zauna, za a haɗa a saya maka wani."

"Inna, ba ke kika ɗauka ba."

"Ni na cire wa keken kwaɗo."

Ya daɗe yana juya kwaɗon a hannunsa, sannan ya mayar mata. Ya ce ta riƙe, shi ba shi da abin ɗaurewa.

Tunda babu gawa, babu wanka, babu kaiwa maƙabarta. Za a yi zaman makoki a ƙofar gidan Inna Raliya daga Alhamis zuwa Asabar, bayan la'asar. Ranar Lahadi da hantsi za a raka Malam bakin titi da ƙafa, ya hau motar Kano, daga can ya wuce gida. Ana roƙon Yusuf mai faci ya daure ya zo, Malam ya ce ba ya riƙe da kowa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya mayar wa Malam da mafi alheri a inda za shi.

Masu zuwa ta'aziyya a kan keke, kowa ya taho da kwaɗonsa. Wanda ya manta ya yi wa Inna magana, akwai sarƙa ɗaya a wajenta.