Ranar da na kamo Alƙahira a gonar Furfuri

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka yi gwajin rediyo a gonar taubashina Lawali da ke Furfuri, kusa da Bungudu, ba.

Ni na koya masa wannan harka, a rubuta a ajiye. Ni na fara mallakar rediyon kwamfuta, irin wanda ake kira SDR: 'yar na'ura kamar filash, ka soka ta a kwamfuta, ka ɗaura mata doguwar waya, tashoshin matsakaicin zango su fito a allo layi-layi. Idan rana ta faɗi sai na nesa su fara shigowa. Shekara biyu duk abokanmu ni suke tambaya, ni kuma ina amsawa ina gyara hula.

Sai Lawali ya sayar da waken suyarsa ya sayo wata na'urar mai akwatin ƙarfe, mai nauyi. Tun daga ranar kullum sai ya turo mana muryar wata tasha a waya, yau Aljeriya, gobe Sudan. Abokai suka koma cewa "a tambayi Lawali". Ina tura masa "Masha Allah", amma wallahi kishi ne fal a raina. (Matata ta ce har a barci ina tsaki. Ban musa ba.)

Ni da bakina na nemi a gwada. Na taso daga Tudun Wada da 'yar na'urata a aljihu, Malam Bello, tsohon malamin makaranta, ya taso daga Tsafe don ya yi alƙalanci, wasu abokai uku suka biyo kallo. An girbe dawa, fili fetal, Lawali ya shimfiɗa waya tun daga gindin tsamiya har kan iyakar gona. Muka yi Magariba, muka buɗe kwamfutoci a kan tabarma.

Shi ya fara. Layukansa ba su da yawa, amma kowanne tas, ka ji Larabci kamar mutumin yana zaune kusa da kai. Jama'a suna ta "kai, kai!" Na ji kamar in tsinke wayar.

Da aka jona tawa na'urar ita ma a doguwar wayar, sai na lallaɓa na ja ƙarfin kamun na'urata har ƙarshe, abin da ni kaina nake hana masu koyo. Nan take allona ya cika maƙil da layuka.

"Malam Bello, a ƙirga!" na ce. "Ashe akwatin wani nauyi ne kawai."

Na danna wani layi can ƙarshen zango, sai ga kiɗan Larabawa raɗau. Na miƙe tsaye. Na ce Alƙahira ce wannan, na san kiɗansu, na ma san unguwar da tashar take (ni da ko Kano sai da dalili). Lawali ya duba nasa allon a daidai wurin, babu komai. Daɗin da na ji a lokacin, Allah ya yafe mini.

Malam Bello ya ce, "Bari dai mu ji ta faɗi sunanta."

Kiɗa ya tsaya. Wata murya ta yi gyaran murya ta ce, "Jama'a, ga cigiya. An ɓatar da jan bijimi mai karyayyen ƙaho ranar kasuwar Tsahe. Duk wanda ya gane shi..."

Na yi maza na danna layi na gaba. Jan bijimi. Na gaba, jan bijimi mai karyayyen ƙaho. Tashar nan ce ta gida da ke kusa da mu, ƙarfinta ya cika 'yar na'urata har tana amayar da ita ko'ina a allo. Duk layukan da na ce a ƙirga, ita ce kaɗai.

Lawali ya kwanta a kan karan dawa yana riƙe ciki. "Taubashi, ashe Misirawa ma sun ji labarin bijimin ga? Wanga bijimi ya yi suna!"

Malam Bello ya cire tabarau yana share hawaye. "Ai na san mai shi," in ji shi. "Maƙwabcina ne."

Abin da ya fi ƙona ni, da Lawali ya gama dariyarsa sai ya matso ya rage mini ƙarfin da hannunsa, a hankali, yana yi mini bayanin da ni na koya masa.

Har yau a Bungudu, ko mai na tsaya sha, sai wani ya ɗaga murya: "Alhaji, ya mutanen Alƙahira?" Kishin akwatin Lawali kuwa bai sake ni ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma yanzu ko Larabci na ji da kunnena, ina zaune, bakina a rufe, sai tasha ta faɗi sunanta sau biyu.