Juma'ar da Na Yi a Ikko

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so mutanen Kusada ba za su bar ni in manta ba, da ranar da na kai kaina Ikko ba tare da na ɗaga ƙafa ba.

Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da gama yaƙin Bama ba. Na tafi cin rani Kano, na yi wata huɗu ina dakon buhunan gyaɗa a wani kanti. Da zan dawo sai akawun kantin, wani Bayarabe mai fara'a, ya ba ni katunan hoto guda uku, irin waɗanda Turawa ke aika wa danginsu ta gidan waya. Ya ce duk Ikko ce. Ɗaya gada, ɗaya jirgin ruwa, ɗaya kuma wani ƙaton gini mai doguwar hasumiya. A ƙasan kowanne akwai rubutun boko (ni kuwa a lokacin da boko da sawun kaza duk ɗaya ne a wurina).

Tun a mota na fara tunani: kowa na zuwa Kano, har jakuna. Kafin mu iso Kankiya na yanke shawara daga Ikko nake.

A ƙauyenmu Mawashi abin ya karɓu. Sai ga bikin ɗan kawuna a Kusada, kuma cikin manyan baƙi har da Malam Haruna na Kaikai, mahaifin Hajo, wadda nake nema kuma ba a ba ni amsa ba tukuna. Bayan ɗaurin aure ana zaune a gindin ɗorawa ana rabon goro, na zaro katunan nan daga aljihu kamar ban damu ba.

Na yi bayanin gada. Na yi na jirgi (har na ce na yi amai a cikinsa, don labarin ya yi armashi). Da aka zo kan na ukun, Malam ya karɓa ya ƙura masa ido.

"Wanga fa, mi ne ne?"

"Allah gafarta Malam, babban masallacin Ikko ke nan. Nan nake Juma'a. Ban taɓa rasa sahun farko ba."

Malam ya gyaɗa kai, ni kuwa a raina har na fara zaɓen ranar biki.

Katin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya kai ga Baba Saje, tsohon soja wanda ya koyi boko a bariki, kuma ta Ikko ya shiga jirgin yaƙi. Ya kai katin nesa da ido, ya matso da shi, leɓensa na motsi.

"Ɗana, nan ka ce kake Juma'a?"

"Nan, Baba."

"To ai coci ce. Ga shi a rubuce. Ga ma gicciye a saman hasumiyar."

Ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka sandar tuta ce.

Malam ya juyo gare ni a hankali.

"Yaro, abu biyu ne. Ko dai ka yi wata huɗu kana salla a coci, ko kuma ƙarya kake yi mana. Wanne ne?"

Wallahi sai da na tsaya na auna su. Na dubi ƙasa na ce, "Baba Malam, ban taɓa wuce Kano ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "Ashe maƙaryaci ne kawai."

Dariyar da aka yi har cikin gida mata suka ji, kuma kafin la'asar Hajo ta samu labari. Ta aiko mini da cewa in zan koma Ikko in riƙo mata tsarabar gaskiya.

Shekara guda cur Malam ya sa ina zuwa Kaikai karatu a zaurensa kafin ya ba ni ita. Yau jikokinmu ma Limamin Ikko suke ce mini.

Ba zan ce na daina ƙara wa labari gishiri ba, don kada in sake yin wata ƙaryar. Amma na koyi cewa in za ka yi ƙarya da takarda a hannu, fara neman wanda zai karanta maka ita.