Rasuwar Wakili, Injin Wankin da Ya Yi Golmo

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kwanduna cike da kayan dauɗa, iyalan Saje Aaron Manga mai ritaya, na unguwar Rikoto a Zuru, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin wankinsu, wanda aka fi sani da Wakili. Ya rasu ranar Talata da hantsi a lungun da ke tsakanin madafa da banɗaki, bayan jinyar da ta kwantar da shi ko motsi ba ya yi. Jabiru mai gyaran firiji da fanka na bakin tasha ne ya tabbatar da rasuwar. Babu wanda ya san ainihin shekarun marigayin, domin da furfurarsa ya shigo ƙasar nan.

Wanda rashin ya fi taɓawa bai zama ɗan gidan ba tukuna. Shi ne Kofur Japhet Danko, mai neman auren Monica, 'yar Baba Aaron. An sa ranar aurensu mako guda bayan Kirsimeti, an riga an ɗinka anko. Ko ranar tana nan, ko ta bi marigayin, shi ne abin da har yanzu ba a sani ba.

Ga masu karatu na nesa, a al'adar iyaye ta ƙasar Zuru saurayi kan yi wa mahaifin budurwarsa noma damina bakwai kafin a ba shi ita. Wannan shi ne golmo. Gidaje da yawa sun sassauta, Baba Aaron bai sassauta ba. Japhet ya yi damina uku da fartanyarsa a gonar dawa ta Baba Aaron, sannan aka ɗauke shi aikin soja, soja kuwa ba a ba shi hutu don ya je huɗa. A zuwansa gida na farko ya sauko daga motar Kaduna da farin akwatin ƙarfe mai ido ɗaya, wanda ya saya a hannun wani hafsa da aka yi wa canjin wurin aiki. Ya durƙusa a gaban Baba Aaron, ya ce tunda hukuma ta riƙe masa hannuwa, ga wanda zai yi wa gidan aiki a madadinsa.

Baba Aaron ya zagaya injin kamar mai duba fareti, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, sannan ya kafa sharaɗi a gaban shaidu. "Kofur," in ji shi, "muddin wannan yana aiki, kana aiki. Ranar da ya ajiye fartanya kafin a girbe dawa, wannan daminar ba ta shiga ba." Daga ranar sunan Wakili ya bi injin. Ya cika damina uku lafiya lau. Ya faɗi a ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe, dawa ta riga ta fitar da kai.

Marigayin mai haƙuri ne. Yakan yi kwana da kwanaki yana jiran wuta, ba a taɓa jin ƙorafinsa ba. Ba ya nuna bambanci tsakanin rigar mawaƙan coci da wandon gona, tare yake juya su. Bai taɓa tona asirin aljihun kowa ba, abin da ya tsinta a ciki haɗiye shi yake yi. Shi ne ya miƙar da bayan Mama Jessica, uwargidan Baba Aaron, wadda ta shafe fiye da rabin rayuwarta a sunkuye a bakin rijiya. A shekararsa ta farko maƙwabta kan zo da kujerunsu su zauna suna kallon zannuwa na zagayawa ta cikin gilashinsa, wasu har suna hasashen wanda zai fara fitowa.

Ba a rasa shi da aibu ba, kamar kowane mai rai. Yana shan ruwa kamar raƙumi. Bai taɓa shiri da ƙaramin janaretan gidan ba, da an haɗa su sai ɗaya ya suma. Idan kuma ya zo matse kaya yakan bar wurinsa ya yi tattaki har bakin ƙofa. Baba Aaron yana son wannan tattakin, sai dai bai taɓa yafe masa fara maci da ƙafar dama ba.

Waɗanda suka san shi za su tuna muryarsa. Da an rufe ƙofarsa sai ya ce ƙit. Sai shuuu, yana shan ruwa. Sai gurr-dam, gurr-dam, cikin natsuwa irin ta mai daka. Can sai ya ɗauki wiii kamar jirgi zai tashi, kaji su watse. Ya kammala da tit, tit, tit. A ranar da ciwon ya kama shi ya ce ƙit, ya yi wani dogon nishi, ya yi shiru da sauran ruwa a cikinsa.

Monica ce ta kira Japhet ta waya. Ya nemi izini a wurin ogansa, ya ce wani na kusa da shi yana kwance rai a hannun Allah, kuma bai yi ƙarya ba. Ya iso Zuru ko gidansu bai biya ba, ya ajiye jaka a zaure, ya naɗe hannun riga.

Ya bi ciwon daki-daki, kamar yadda wani Bature ya nuna a bidiyon da ya samo a waya. Ya fara da wuta. Ya jona dutsen guga a soket ɗin, dutsen ya yi zafi, aka wanke soket daga zargi. Ya buɗe filogi ya canza fis. Ya bi waya da yatsa yana neman haƙorin ɓera, bai samu ba. Ya hau kan tanki ya leƙa, akwai ruwa. Ya kwance tiyo ya busa, iska ta fita ta ɗaya bakin. Baturen ya ce a tabbatar ƙofa ta kama, Japhet ya rufe ta a hankali, ya rufe ta da ƙarfi, ya danna ta da gwiwa. Baturen ya ce wataƙila makullin yara ne ya shiga, Japhet ya danne maɓallan da aka ce har yatsunsa suka yi tsami. Baturen ya ce a cire shi daga wuta a ba shi lokaci ya manta damuwarsa. Aka ba shi wuni guda. Bai manta ba.

Da ilimin Turawa ya ƙare aka koma na gida. Japhet ya mare shi a gefen hagu, ya mare shi a gefen dama. Matan zumunta na coci suka zo suka yi masa addu'a, Mama Jessica ta shafa masa man zaitun a goshi, daidai wurin maɓallai. Duk wannan lokaci Baba Aaron yana zaune a kujerarsa ta zaure da rediyo a cinya. Kowace safiya tambayarsa ɗaya ce: "Kofur, ma'aikacinka ya fito?" Japhet kuma ya ƙame ya ce, "Yana samun sauƙi, Baba."

Iyalan suna musanta jita-jitar da ta zaga unguwa cewa marigayin ya farfaɗo ranar Alhamis. Abin da ya faru shi ne, Joel, abokin Japhet tun suna golmo tare, ya samo tsohon bidiyon injin yana aiki, ya kunna shi a wayarsa, ya ɓoye ta cikin zanin gado a cikin injin, ya rufe ƙofa. Japhet ya ga lokacin da aka yi, bai ce a yi ba, bai kuma ce a bari ba. Baba Aaron ya taso ya tsaya yana sauraron gurr-dam, gurr-dam, yana gyaɗa kai. Ana cikin haka wayar ta ɗauki kiɗa, mahaifiyar Joel ce ke kira. Baba Aaron ya buɗe ƙofar, ya zaro wayar, ya amsa. "Joel ba ya kusa," in ji shi, "yana wanki." Ya miƙa wa Japhet wayar, ya koma kujerarsa.

Bayan wannan ne Japhet ya yarda linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ya ɗauko Jabiru a babur. Jabiru bai kalli maɓalli ko ɗaya ba. Ya tsuguna ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙasan injin, wadda Baturen bidiyo ya ambata a ƙarshe amma kuɗin datar Japhet bai kai can ba. Ya murɗe matacin. Baƙin ruwa ya fara fitowa, sai maɓallan riga, sai ƙusa, sai ɓawon gyaɗa. Daga nan ya zura yatsu ya jawo dawa cike da tafin hannu. Ta tsira. Fararen saiwoyinta sun naɗe farfelar da ke fitar da ruwa tamau.

"Oga Kofur, mi kunka ba wanga inji?" in ji Jabiru, wanda mutumin Jega ne. "Wanga ba wanki yak kashe shi ba, noma na."

Kowa a tsakar gidan ya san amsar, har Japhet, wanda Monica ta riga ta raɗa masa. A farkon damina tsofaffin sojoji abokan hirar Baba Aaron sun dame shi da tsiya, wai surukinsa farin akwati ne da bai taɓa ganin gona ba. Abin ya ci masa rai. Ya dawo gida ya ba da umarni cewa ɗan golmo sai ya taɓa amfanin gona. Aka fara ba Wakili buhuna. Da aka cire gyaɗa aka ba shi ita da ƙasarta. A ƙarshe Baba Aaron da hannunsa ya juye masa jiƙaƙƙiyar dawar kunu, ya ce ya ɗauraye ta ya tsane.

Jabiru ya sake tambaya, "Wa yab ba shi dawa?"

Japhet yana kallon ƙasa. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ta ceci daminarsa. Amma namiji ba ya nuna surukinsa da yatsa, balle a gaban baƙo, balle surukin da ya riga shi sa kaki. "Da kansa ya ci," in ji shi. "Dama tun a Kaduna yana da kwaɗayi."

Daga ƙofar madafa Monica ta ce, "Mama, kin ji fa. Inji ya buɗe rumbu da kansa." Mama Jessica ta ce ta koma ta duba tukunya. Baba Aaron ya karɓi tsiron daga hannun Jabiru, ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Iri mai kyau ne."

Binciken Jabiru ya nuna cewa farfelar ta cije, ta ƙone, wutar ta haura ta cinye allon da ke ba injin umarni. Ya ce ana iya samo wani allon a Kaduna, Japhet ya miƙe tsaye zai kama hanya a take. Baba Aaron ya ɗaga sanda. "Zauna, Kofur. Wanda aka canza wa kai ba shi na ɗauka aiki ba." A nan ne Jabiru ya tattara kayansa ya yi wa iyalan ta'aziyya. A hukumance, iyalan sun amince a rubuta kwaɗayi a matsayin sanadin ajali.

Marigayin ya rasu ya bar tanki ɗaya, tiyo biyu, igiyar shanya, da dutsen guga, abokin aikinsa na kusa. Ya bar janareta, wanda bai nuna alamar jimami ba. Ya bar babban bahon roba da aka dawo da shi bakin aiki daga ritaya, da bayan Mama Jessica, wanda ya fara magana tun makon jiya.

Ya kuma bar shari'a. Mama Jessica da Monica suna kan cewa Wakili ya mutu ne a bakin aiki da dawa a cikinsa, kuma sojan da ya faɗi a fagen fama ba a rage masa haƙƙi, Baba Aaron ya fi kowa sanin haka. Tsofaffin sojojin majalisar hirar Baba Aaron suna kan cewa damina ba a yanka ta biyu, wanda bai ga girbi ba bai yi noma ba. Idan maganarsu ta tsaya, Japhet zai biya damina guda da hannunsa, a ranar da rundunarsa ta ga dama ta sake shi, ankon kuma ya koma akwati. Japhet bai shiga gardamar ba. Tun ranar Talata yake zuwa da sassafe ya ja ruwa a rijiya ya cika baho, ya gaida Baba Aaron, ya tafi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a gidan Baba Aaron da ke Rikoto. Jabiru zai jagoranci kwance gawar. Za a cire gangar ciki a mayar da ita murhun gashin nama, kaji za su gaji gangar jiki, sauran kuma za a raka su wurin 'yan gwangwan da ke hanyar tasha. Ana karɓar gaisuwa a bakin rijiya. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo furanni, kowa ya zo da sabulunsa, akwai kwanduna da ke jira.

Baba Aaron ya ce zai faɗi hukuncinsa bayan an watse. Izinin Japhet zai ƙare ranar Lahadi. A jiya tsohon ya aika kasuwa aka sayo masa akuya guda irin ta yankan biki da sabuwar ƙotar fartanya. Har zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa akuyar tana ɗaure a gindin mangwaro, ƙotar tana jingine a zaure, kuma bai faɗi wadda za a fara taɓawa ba.